Tarihin Malam Tsoho na Birnin Tsaba, Wanda Ya Haramta wa Kansa Fifita Sai Rana Ta Sanyaya Ɗaki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, mutanen da wannan tarihi ya shafa su ne: Malam Mu'azu, wanda aka fi sani da Malam Tsoho, shi ne mai tarihin, mahaifinsa Zubairu da mahaifiyarsa Maijidda, matarsa Turai, mutuniyar Katuru, ƙanenta Malami, masaƙin tabarmi da mafitai, Liman Muhtari na unguwarsu a Ƙaura Namoda, sai 'ya'yan marigayin, waɗanda za a ambata a ƙarshe. Akwai kuma wani makanikin Reluwe wanda aka nemi sunansa ba a samu ba, Allah Ya san shi.

Haihuwarsa da Nasabarsa

An haifi Malam Mu'azu a shekara ta 1938 a garin Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi, a tsakiyar bazara, a gidan Zubairu manomin gero da dawa, wanda kakanninsa suka daɗe a wannan ƙasa. Da yake sunan kakansa na wajen uba aka mayar masa, kuma babu mai iya kiran sunan a gidan saboda kunya, sai aka yi masa laƙabi da Tsoho tun ranar suna, ya kuwa yi shekaru masu yawa yana amsa laƙabin kafin ya cancance shi.

An tabbatar daga bakin mahaifiyarsa Maijidda cewa ba ta taɓa goyon yaro mai zufa irin tasa ba, domin ba ya barci sai ana yi masa fifita, da an ajiye mafici kuwa sai ya farka da kuka. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, saboda ya san girman abin da wannan bawan Allah ya haramta wa kansa daga baya.

Karatunsa

Ya fara karatun allo a zauren limamin garinsu, ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha biyu, sa'annan aka ɗauke shi makarantar elementare ta Zurmi. Bai yi fice a lissafi ko rubutu ba, amma ya yi suna wajen tambayar abin da ba a tambaya.

A wani hutu ya lura randar mahaifiyarsa tana tsattsafo ta waje, sai ya ɗauka yoyo take yi, ya nemo kakin zuma ya shafe ta sarai da niyyar taimako. Yoyo ya tsaya, ruwa kuma ya daina sanyi, mutanen gida suka yini suna shan ruwa mai ɗumi kamar na wankan jego. Mahaifinsa ya hukunta shi gwargwadon laifin. Amma yaron ya fita daga al'amarin da ilmin da bai rabu da shi ba har wafatinsa, wato zufar randa ita ce sanyinta: ruwan da ke ƙafewa a bayanta shi ke tafiya da zafin cikinta.

Aikinsa a Reluwe

A shekara ta 1957 ya sauko Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare, ya shiga aikin Reluwe a matsayin lebura, lokacin gyaɗa tana tashe. Bayan shekara guda aka mayar da shi gidan saukar baƙi na ma'aikata, aka ba shi kula da fitilu da wani firij mai aiki da kananzir. A nan ne ya ga abin da ya juya rayuwarsa: ana kunna lagwani a gindin akwati, wuta tana ci, a samansa kuma ruwa yana zama ƙanƙara.

Ya yi mako yana kauce wa akwatin bisa zaton sihiri ne, har makanikin nan da aka ambata ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce a cikin bututan bayan firij ɗin akwai wani ruwa mai warin turken awaki, wanda wuta ke kora ya tashi ya zama tururi, ya zagaya ya huce, ya sauko cikin akwatin, a can ya sake ƙafewa, ƙafewar tasa kuwa ita ke kwashe zafin da ke ciki. Malam Tsoho ya gane cewa randar mahaifiyarsa ce aka yi da ƙarfe. Ya tambaya ko lalle sai wutar kananzir, makanikin ya ce zafi dai ake bukata, ko daga ina ya fito. Malam Tsoho ya fita waje ya ɗaga kai ya dubi ranar Ƙaura, wadda ke zuba zafi kyauta tun daga hantsi har la'asar ba mai cin moriyarsa, daga ranar nan bai ƙara samun natsuwa ba.

Aurensa

A shekara ta 1962 ya auri Turai 'yar wani masaƙin kaba na Katuru a ƙasar Shinkafi, mace mai haƙuri da ƙarancin magana, wadda in ta yi magana kuma ba a bukatar ƙari. Tare da ita ya sami ƙanenta Malami, wanda ya gaji sana'ar mahaifinsu, ya biyo yayarsa Ƙaura ya kafa rumfar tabarmi da mafitai kusa da tasha. Kamar yadda al'ada ta halatta wasa tsakanin mutum da ƙanen matarsa, Malami ya riƙi wannan hakki nasa da hannu biyu, bai taɓa barin ranar da ya gamu da mijin yayarsa ta wuce ba tare da ya tsokane shi ba.

Rantsuwar

A bazarar shekara ta 1964, wata ranar da jirgi ya yi latti, mutane sun cika rumfar Malami suna jira, kowa da maficin da ya saya, sai Malam Tsoho ya shiga yi musu bayanin cewa nan gaba rana da kanta za ta riƙa sanyaya ɗakuna, mafici ya zama tarihi. Yana bayanin yana fifita da wani babban mafici da ya ara a rumfar. Malami ya bari sai da ya kai ƙarshe, sa'annan ya ce masa cikin ladabin ƙarya: "Yaya, tunda rana za ta yi maka aikin, aje mini kayana ka hita waje ta hura ka."

Jama'a suka yi dariya har da masu riƙe ciki. Malam Tsoho, wanda a lokacin jininsa ke tafasa, ya miƙe ya ajiye maficin, ya rantse da Allah a gaban kowa cewa ba zai ƙara yin fifita ba, ba kuma za a yi masa ba, sai ranar da zafin rana ya sanyaya ɗakin da yake zaune a ciki. Waɗanda suka halarta sun ce kafin ya rufe baki zufa ta riga ta jiƙa masa wuyan riga, kuma an ga alamar nadama a fuskarsa, amma magana zarar bunu ce.

Tun daga wannan shekara Malami ya ɗora wa kansa al'adar aika masa da sabon mafici a farkon kowace bazara, da saƙon gaisuwa da fatan alheri. Turai ce ke karɓa ta rataye a bangon ɗakinta, har bangon ya cika.

Shekarun Gwaji

Rantsuwar ta jawo mas'aloli da malaman Ƙaura suka yi saɓani a kansu. An tambaya ko iskar da ke kaɗawa da kanta ta shiga ciki, aka yi ittifaƙi cewa wannan ta Allah ce, ba laifi. Da fanka mai lantarki ta yawaita, wasu suka ce ba mafici ba ce, wasu suka ce mafici ce da ta yi karatun boko. Malam Tsoho ya ɗauki fatawa mafi tsanani, duk ofishin da ya shiga ya tarar da fanka tana juyawa sai ya tsaya a bakin ƙofa. An kuma ruwaito cewa Turai takan zauna kusa da shi da tsakar rana tana sheƙar hatsin da ta riga ta sheƙe, faifan yana kaɗo iska wajensa, shi kuma yana kallon wani gefe. Babu wanda ya taɓa kai wannan mas'ala gaban malamai.

Gwajinsa na farko, a shekara ta 1971, ya tara gutsattsarin madubai ya jera su a kan allo domin su tattara hasken rana wuri guda. Sun tattara shi a kan jinkar rumbun maƙwabcinsa. Allah Ya taƙaita, an kashe wutar kafin ta kai ga dawa, amma ya yi kaka guda yana yi wa maƙwabcin aikin gona don a wanke zukata.

A gwaji na biyu, wajen shekara ta 1983, ya sa maƙera suka lanƙwasa masa fallen kwano kamar kwamin shayar da dabbobi, ya liƙe cikinsa da madubai, ya ratsa baƙin bututu ta tsakiya, ya cika bututun da man gyaɗa domin man ya ɗauki zafin ya kai shi gindin wani tsohon firij. Man ya yi zafi ƙwarai, amma ya huce a hanya kafin ya isa inda aka aike shi, firij bai ko motsa ba. Turai ta ga mai yana tafasa a banza, ta tara kasko a bakin bututun, ta yi shekara biyu tana tuyar ƙosai ba tare da ta sayi itace ba. Daga nan mutanen unguwa suka sa wa na'urar suna Kaskon Tsoho, Malami kuma ya riƙa zuwa da akushi yana tambaya ko sanyin ya soyu.

Bai fasa ba. Duk inda ya ji an jefar da firij mai kananzir, daga Zurmi har Shinkafi, sai ya je ya ɗauko, har bayan gidansa ya zama makabartarsu. Ya yi ritaya daga Reluwe a shekara ta 1993, lokacin da jirgin kansa ya fara yi wa Ƙaura nisa.

Sabuwar Jiha

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a watan Oktoba na shekara ta 1996, ya yi tsammanin lokacinsa ya zo. Ya sa babbar riga ya tafi Gusau a bazarar da ta biyo baya, ya sami wani ofishi inda aka saurare shi da mutunci. Mai ofishin ya yaba da tunanin, ya ce a dakata tukuna jiha ta zauna da gindinta, da ya ga dattijo yana zufa haka kuma sai tausayi ya kama shi, ya sa masinja ya tsaya a kansa da kwali yana yi masa fifita. Malam Tsoho ya yi tsalle ya bar kujerar kamar kunama ta harbe shi, ya fice ba sallama, al'amarin Gusau ya ƙare a nan.

Zuwan Shari'a da Makarantar Matan Aure

Bayan ƙaddamar da Shari'a, a shekara ta 2000, aka rufe wani gidan kallon bidiyo da ke unguwarsu, mai ginin ya ba da shi sadaka, jama'a suka mayar da shi makarantar Islamiyya ta matan aure a ƙarƙashin Liman Muhtari. Turai, duk da tsufanta, tana cikin ɗaliban farko. Sai dai an gina ɗakin ne domin duhu, ba shi da taga ko ɗaya, rufinsa kwano ne, wutar lantarki kuwa baƙuwa ce a unguwar. Da bazara ta shigo sai ɗalibai suka fara janyewa, har Liman ya yi shawarar rufe makarantar sai damina.

A wannan lokaci ne mutane da yawa suka shiga bitar tsofaffin rantsuwoyinsu, Liman kuma ya kira Malam Tsoho ya yi masa nasiha cewa addini ya buɗe masa ƙofa: ya ciyar da miskinai goma, ya yi kaffara, ya ɗauki maficinsa ya huta a sauran kwanakinsa. Malam Tsoho ya yi godiya, ya ce kaffara ta wanda ya fid da rai ce, shi kuwa bai fid da ba. Maimakon haka ya roƙi a ba shi ɗakin makarantar ya gwada, tunda ɗaki mara taga shi ne ainihin abin da yake nema. Liman ya amince, bisa dalilin cewa babu abin da za a yi wa ɗakin ya fi haka zafi.

Malam Tsoho ya shafe shekara ta 2001 yana aiki. Ya sa aka yi wa ɗakin rufin ƙasa a ƙarƙashin kwanon, ya fasa bangon baya ya dasa bututan tsofaffin firij-firij ɗinsa, ɓangaren sanyi yana ciki, ɓangaren da ke son wuta yana waje. A filin bayan ginin ya kafa kwamin madubai mafi girma da ya taɓa yi, dab da bango, ya naɗe bututun man da auduga da tsumma don kada ya huce a hanya kamar na da. A watan Afrilu na shekara ta 2002 ya taɓa bututan ciki ya ji sun fara raɓa, aka sa ranar Asabar domin buɗewa, aka gayyaci malamai da masu unguwanni daga Ƙaura, Zurmi da Shinkafi.

Ranar Laraba ya tafi Shinkafi domin cin kasuwar Alhamis, ya ƙaro madubai. Kafin ya tafi ya yi wasiyya cewa kada a taɓa bututu, kada a bar awaki su matso, a kuma riƙa rufe ƙofa. Abu guda ne bai hana ba, domin bai taɓa zuwa masa a rai cewa yana bukatar hani ba.

Abin da Aka Yi a Bayansa

Malami, wanda a lokacin shi ma ya yi furfura, ya taɓa sanyin bututan da hannunsa, kunya ta kama shi a kan shekarun da ya yi yana ba'a, ya ƙudura a ransa zai girmama mijin yayarsa sau ɗaya kafin ɗayansu ya mutu. Ya je wa Liman da magana cewa abin kunya ne manyan baƙi su zo su tarar an yasar da abu mai daraja haka a rana kamar jakin baƙo, alhali a ƙasar nan ko rediyo sai an rufe shi da ƙyalle mai ado, ko keken ɗinki sai an ɗinka masa riga. Liman ya ɗan yi shakka, ya ce ai ya ji kamar ranar ce abincin na'urar. Malami ya ce gaskiya ne, amma ta yi makonni tana sha, ta ƙoshi, tukunya kuwa in ta nuna sauke ta ake yi. Dattawan unguwa suka ga hujjar ta yi ƙarfi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi gayya, aka kafa rumfa a kan kwamin madubai, Malami ya rufe ta da tabarmin da ya fi ji da su, saƙa mai kauri wadda ko ɗigon haske ba ya ratsawa. Turai tana gida tana fama da tukwanen baƙi, ba ta sami labari ba.

Ranar Buɗewa

Motar da Malam Tsoho ya shigo ta lalace a hanya, bai iso ba sai ranar Asabar da hantsi, baƙi sun riga sun zauna. Aka tarye shi a bakin titi, aka zura masa babbar riga, aka shigar da shi ta ƙofar gaba, aka zaunar da shi tsakanin malamai, aka rufe ƙofa ruf kamar yadda ya yi wasiyya. Aka buɗe taro da addu'a, aka shiga jawabai.

Kafin a gama jawabi na biyu ɗakin ya zama tanderu. Rawuna suka jiƙe, wani mai unguwa daga Zurmi ya fara gyangyaɗi irin wanda ba na barci ba. Amma babu wanda ya fito da mafici, domin kowa ya san rantsuwar, kuma babu mai son ya zama farkon wanda zai kunyata dattijo a ranar farin cikinsa. Liman Muhtari, mutum mai tausayi, ya share fuska da hannun riga ya ce alhamdu lillahi, shi kam ya fara jin sanyi-sanyi ta wajen ƙafafu. Nan take wani ya ce shi ma ya ji, wani ya ce har ya fi na gindin tsamiya, wani baƙo daga Shinkafi ya kai ga cewa da ya sani da ya zo da bargo. Aka yi kabbara. Liman ya bayyana cewa jama'a sun shaida rantsuwa ta cika, Malami ya taso da sabon mafici mai ado, ya durƙusa ya miƙa.

Waɗanda ke kusa sun ce Malam Tsoho ya dubi maficin nan kamar yadda mai azumi ke duban randa, hannunsa har ya ɗaga. Shekara talatin da takwas ke nan, ga shaidu cike da ɗaki, ga Liman ya yanke, babu mahalukin da zai zarge shi. Sai ya mayar da hannun cikin riga ya ce: "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Shari'a munka ce muna yi, ga shaidar zur cikin makaranta. Liman, diba gemunka, ɗiga yakai."

Ya tashi ya buɗe ƙofa, jama'a suka biyo shi da saurin da bai dace da masu jin sanyi ba. Da ya zagaya baya ya ga rumfa, ga madubansa a kwance cikin inuwa mai daɗi, wata akuya ma ta samu wuri a gefe, sai ya juyo wajen jama'a. Ya tambaya wane ne ya yi wannan aiki, Malami ya matso ya ce shi ne, don girmamawa. Malam Tsoho ya ce: "Malami, tun muna samari kake yi mini ba'a, ba ta taɓa rage ni da komi ba. Yau ɗaya da ka girmama ni ka kashe ni. Don Allah koma ma ba'arka."

Aka kwance rumfar a gaban baƙi, amma rana ta riga ta karkata, man ba zai yi zafin da ake bukata ba. Baƙi suka ci abinci suka watse, kowa yana fifita da abin da ya samu da zarar ya sha kwana.

Shaidar da Aka Karɓa

Washegari babu baƙo ko ɗaya, sai ɗaliban makaranta a bayan labule, da Liman, da Malami wanda ya zo ba a kira shi ba ya rakuɓe a bakin ƙofa. Malam Tsoho ya ce ba zai ƙara karɓar shaidar ɗan Adam a kan wannan al'amari ba, tunda ya ga mutanen ƙasar nan za su iya narkewa suna cewa sanyi suke ji. Liman ya tambaya, to, shaidar wa za a kawo. Sai Turai ta miƙo wata 'yar ƙwarya ta ƙarƙashin labule, da man shanu a ciki wanda zafin bazara ya narkar ya zama ruwa, ta ce: "A aje wanga tsakar ɗaki. Man shanu ba shi da kara."

Aka ajiye, aka rufe ƙofa, Liman ya ci gaba da darasi. Da rana ta take tsaka sai bututan bango suka yi raɓa, raɓar ta fara ɗiga. Jariran da ke bayan iyayensu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Liman ya yi atishawa, ya yi hamdala, amma bai yarda ya ce kome ba saboda abin da ya faru jiya. Da aka kira azahar Turai ta ce a duba. Malam Tsoho ya ɗauki ƙwaryar ya karkata ta, man bai zubo ba. Ya kife ta gaba ɗaya, man yana nan daskare.

Malami ya miƙo maficin jiya ba tare da ya durƙusa ba, ya ce a karɓa kafin wani ya sake yin rantsuwa. Malam Tsoho ya karɓa, sai ya tarar ba ya bukatarsa a cikin ɗakin. Don haka ya fita tsakiyar rana, ya tsaya kusa da madubansa, ya yi fifita har aka tayar da salla.

Ƙarshen Rayuwarsa

Makarantar ba ta ƙara rufewa saboda zafi ba. Gaskiya ne na'urar ba ta aiki in hadari ya rufe rana, kuma sanyinta ba ya kai wa magariba, amma Malam Tsoho ya ce rana da zafinta aka yi jayayya, ba hadari ba. Matsalar da ta taso ita ce ta dattawan unguwa, waɗanda sha'awar ilmi ta kama su farat ɗaya, suka riƙa zuwa sauraron darasin mata daga bayan ƙofa suna barci, har Liman ya ware musu nasu lokaci. Mafitan da suka cika bangon Turai kuwa Malam Tsoho ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana amfani da su, wai yana ramuwa.

Wafatinsa da Jana'izarsa

A farkon shekara ta 2005 ciwon ƙafa da na ƙirji suka kwantar da shi a gida. Malami ya rufe rumfarsa ya tare a gefen shimfiɗarsa yana yi masa fifita, suna tsokanar juna gwargwadon ƙarfin mara lafiya. Allah Ya karɓi ransa ranar wata Talata da hantsi, a watan Afrilu na shekara ta 2005, daidai da Rabi'ul Awwal na 1426, yana da shekara sittin da bakwai. Liman Muhtari ya yi masa salla, aka binne shi a makabartar Ƙaura Namoda bayan azahar, cikin rana mai tsanani. An yi zaman makoki a ɗakin makarantar, kuma ba a taɓa ganin masu ta'aziyya da suka daɗe a zaune irin na wannan karo ba, har sai da iyalan suka roƙi a bar wa na waje wuri.

Ya rasu ya bar matarsa Turai da 'ya'ya shida: Auwalu, wanda ke kula da na'urar a yanzu, Asiya, tana aure a Zurmi, Anas, manomi a Birnin Tsaba, Hannatu, malama a makarantar da aka ambata, Imrana, mai walda a Shinkafi, da autarsu Sa'adiya. Ya bar jikoki da dama.

Rumfar nan ta girmamawa an mayar da ita gefen da inuwarta ba ta kai wa madubai, a ƙarƙashinta Malami ke zama har yau da sanda a hannu. Ya kori masu shanyar barkono, ya kori mata masu son ɗinka wa na'urar riga, kuma sau biyu yana tumɓuke dashen darbejiya da wasu masu neman lada suka yi a wurin da sunan sadaka ga marigayin.

Wanda ya tattara wannan tarihi bai san baƙi da fari na boko ba sai da furfura ta fito masa, a ajin yaƙi da jahilci, kuma daga bakin mutane ya ji mafi yawan abin da ya rubuta. Saboda haka duk wanda ya ga an gabatar da shekara ko an jinkirta ta, ko an sa magana a bakin da ba nata ba, ya taimaka ya gyara, kada ya yi kara ya ce daidai ne. Allah Ya jiƙan Malam Tsoho, Ya sanyaya makwancinsa, amin.